Tashe: dandalin wasan kwaikwayo mai waƙa a Kano

A ƙasashen Turai da Amurka akan shirya bukukuwa domin gwada sababbin wasannin kwaikwayo masu tafiya da waƙa da rawa, kafin a kai su manyan dandali.

Bikin Fringe na birnin Edinbara da ke Birtaniya, wanda aka soma a 1947, yana daga cikinsu. A can ne wasu ɗaliban Jami'ar Kambirij suka fara nuna wasan Six a 2017, daga bisani wasan ya kai manyan gidajen wasa na Landan da New York.

A Kano, abin da ya fi kusa da wannan shi ne tashe, kodayake ba shi da tikiti, ba shi da alƙalai, kuma babu hukumar da ke shirya shi.

Yadda ake yin sa

Ana fara tashe ne idan watan azumi ya kwana goma, bayan an sha ruwa. Masana adabin Hausa na danganta sunan da al'adar tashin mutane domin yin sahur.

Yara da matasa kan bi gida-gida da shago-shago, tun daga lungunan cikin birni har zuwa unguwannin da suka taso a kewayen masana'antun Bompai da Sharada da Challawa. Kowane wasa gajeren labari ne da ke da jagora mai ba da waƙa, da 'yan amshi, da shigar da ta dace da shi: gemun auduga, ko rawanin tsumma, ko tumbin da aka cusa da tsofaffin kaya. Gwangwani da ƙwarya ne kayan kiɗan.

Daga cikin sanannun wasannin akwai Tsoho da Gemu, da Jatau Mai Magani, da Macukule, sai kuma Mairama da Daudu wanda 'yan mata ke yi, inda ake kwaikwayon zaman miji da mata. Dariya ake yi, amma a ƙarƙashinta akwai hannunka mai sanda ga marowaci, da malalaci, da mai ci da addini.

Masu kallo su ne alƙalan. Wasan da ya burge akan ba shi hatsi ko kuɗi, a shekara mai zuwa kuma a ji shi a wata unguwa an ƙara masa baiti. Wanda bai karɓu ba, a nan yake mutuwa. Ta haka sababbin wasanni ke shigowa, ba tare da an san wanda ya ƙirƙire su ba.

Manya ma suna da nasu. Nalako, sarkin gwagwaren Kano, shi ke jagorantar tashen gwauro, inda ake zagayawa da kiɗa ana tsokanar mazan da azumi ya riska ba su da mata, kuma akan kai wasan har fadar Sarki.

Daga titi zuwa fim

Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano sun buɗe wata hanyar. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Zuwa ƙarshen shekarun 1990, musamman bayan fim ɗin Sangaya, waƙa da rawa sun zama ginshiƙin kasuwar. Sai dai salon ya fi karkata ga finafinan Indiya, ba ga tashe ba, kuma yana daga cikin abubuwan da suka jawo ce-ce-ku-ce har aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001.

Halin da ake ciki

A 'yan shekarun nan, ciki har da 2025, rundunar 'yan sandan jihar ta sanar da haramta tashe, tana mai cewa ɓata-gari na fakewa da shi suna faɗan daba da ƙwacen wayoyi.

Ba a musun cewa matsalar tsaron gaskiya ce. Amma wasan da ba a rubuce yake ba a bakin yara yake rayuwa, kuma yaron da ya shekara uku ko huɗu bai fita tashe ba ya wuce shekarun koyonsa. Masu rajin kare al'adu na ganin gara a tsara shi a makarantu ko a wani fili da jami'an tsaro za su iya sa ido, maimakon a hana shi baki ɗaya.