Sabo ta Ibadan da Sabon Garin Kano: Suna Ɗaya, Asali Daban

Bahaushe ya ce waiwaye adon tafiya. Sau da yawa idan muka zo nazarin mulkin mallaka, mukan ɗauka cewa tsari ɗaya Turawan Ingila suka bi wajen kafa matsugunai a ko'ina, alhali kowane wuri da dalilinsa. Ko a Amurka, neman dukiya ne ya kafa garin Jamestown a 1607, noman taba ya raya shi, amma gudun hijirar addini ne ya kai mutane Plymouth a 1620. Irin wannan bambanci muke gani a gida idan muka kwatanta unguwannin baƙi na Arewa da na Kudu.

Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, an keɓe Sabon Gari a wajen ganuwa domin 'yan Kudu, akawuna da ma'aikatan jirgi, waɗanda yawancinsu Kiristoci ne. Manufar Turawa ita ce kada baƙin su cuɗanya da mutanen birni.

A Ibadan kuwa, wadda iyayenmu ke kira Badun, Hausawa ne baƙin. Da fari a gidajen Yarabawa suke sauka, har zuwa 1916 da aka yanka musu unguwar Sabo, bayan ƙorafin cewa ɓarayi na fakewa cikin baƙi. Aka ba su Sarkin Hausawa, wanda ke ƙarƙashin sarautar gari.

Sai dai abin da aka yi domin a killace su, shi ya zama jarinsu. Goro ba ya jure jinkiri, shanun Arewa kuma ba sa daɗewa a kurmi saboda ƙudan tsando. Irin wannan fatauci yana bukatar amana. Maigida ne ke saukar da falke, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya wa mahauci a kan bashi. Zama wuri ɗaya ya sa kowa ya san halin kowa.

Da aka shiga siyasar jam'iyyu, ikon Sarkin Hausawa ya fara rauni, sai mutanen Sabo suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka kuma ware masallacin Juma'arsu a 1952. Manazarci Abner Cohen ya bi diddigin wannan a littafinsa na 1969.

Ke nan Bature ya shata iyaka, amma goro da shanu da masallaci ne suka riƙe Sabo. Ya kamata mu malamai da ɗalibai mu daina tsayar da tarihin Hausa a bakin kogin Kwara. Dattawan da suka ji labarin kafuwar unguwar daga bakin iyayensu suna ta ƙarewa, kuma alhakin zuwa a saurare su a rubuta yana wuyanmu.