Kirista da Nasara: asalin kalmomin biyu da bambancinsu

Hausa tana da kalmomi biyu na kiran mabiyin addinin Almasihu, kuma kowace da hanyar da ta biyo ta shigo harshen.

Nasara ce ta riga zuwa. Daga Larabci aka aro ta, kuma da wannan suna Alƙur'ani ya ambaci mabiya addinin. Masana da dama suna danganta ta da Nazarat, garin da Annabi Isa ya tashi. A Larabci jam'i ce, tilonta Nasrani. Hausa ta ƙera mata nata tilon da ɗafa-goshin "ba-", irin na Bahaushe: Banasare, Banasariya.

Mulkin mallaka ne ya karkatar da ma'anarta. Bayan Ingilishi sun ci Kano a 1903, Gumel ta shiga hannunsu, ƙasar da ke arewa da Maigatari kuwa ta faɗa hannun Faransa. Masu mulkin ɓangarorin biyu Nasara ake ce musu, har kalmar ta koma nufin Bature mai mulki, ko yana zuwa coci ko ba ya zuwa. Daga nan aka sami "zamanin Nasara".

Kirista kuwa tushenta Girkanci ne: Kiristos, wato shafaffe da mai, ma'ana ɗaya da Almasihu. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna a birnin Antakiya aka fara kiran almajirai da sunan. Ta iso Hausa ta bakin Turawa da 'yan mishan. Da yake Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, sai aka saka wasalin "i" tsakanin k da r. Siffarta ɗaya ga namiji da mace: Kirista ne, Kirista ce. Jam'inta Kiristoci, kamar mota da motoci. Addinin kuma Kiristanci.

A rubutun boko, Nasara tana kama da "nasara" mai nufin galaba, amma a furuci ta farko tana jan wasalin tsakiya. Sunan Nasarawa daga galaba ya fito.

Bambancin yana da nauyi a siyasa. Wanda ya kira Bahaushe ɗan ƙasa Banasare ya jingina masa baƙunci da tarihin mulkin mallaka. Kirista shi ne sunan da mabiya addinin suke kiran kansu da shi, shi ne kuma ya dace da labarin jarida da jawabin ɗan takara.