Asalin Ƙa'idar Rashin Tabbas da Gardamar da Aka Yi a Kan Ma'anarta

Gabatarwa

A ranar 23 ga watan Maris na shekarar 1927 wata mujallar kimiyya ta ƙasar Jamus ta karɓi makala daga wani matashin masani ɗan shekara 25 mai suna Werner Heisenberg. Abin da makalar ta zo da shi shi ne, akwai iyaka ga yadda za a iya ƙayyade abubuwa biyu tare game da mitsitsiyar ƙwaya irin ilektiron, watau wurin da take da kuma ƙarfin tafiyarta. Ƙarfin tafiya a nan yana nufin nauyin abu sau gudunsa, tare da la'akari da inda ya dosa. Gwargwadon yadda aka matsa wajen ƙayyade ɗaya, gwargwadon yadda ɗayan zai kuɓuce. Wannan ita ake kira ƙa'idar rashin tabbas. Manufar wannan makala ita ce bin diddigin yadda aka gano ƙa'idar, da kuma nuna cewa mafi yawan gardamar da ta biyo baya a kan ma'anar kalmomi aka yi ta: shin rashin tabbas ɗin a wurin mai awo yake, ko a na'urarsa, ko kuwa a cikin ƙwayar kanta?

Lissafin da ya riga fahimta

An haifi Heisenberg a shekarar 1901, ya kuma yi karatu a Jami'ar Munik a hannun Arnold Sommerfeld. A jarrabawarsa ta baka ta digirin dakta, cikin 1923, Wilhelm Wien ya tambaye shi iyakar ƙanƙantar abin da madubin likita zai iya bambancewa, ya kasa amsawa. Da kyar ya tsira da sakamako maras armashi. Wannan tambaya za ta sake tare masa hanya bayan shekara huɗu.

A watan Yuni na 1925 wata mura mai tsanani, irin wadda ƙurar furanni ke haddasawa, ta kore shi zuwa tsibirin Helgoland. A can ya ƙago sabon lissafi na abin da ke gudana a cikin atam, ya jingine zancen hanyar da ilektiron ke bi, tun da ba wanda ya taɓa ganinta, ya riƙe abin da ake iya aunawa kawai, watau hasken da atam ke fitarwa. Max Born da Pascual Jordan na Jami'ar Gotingen suka daidaita lissafin, sai wani abin mamaki ya bayyana. Kowane ɗan firamare ya san uku sau huɗu daidai yake da huɗu sau uku. A sabon lissafin kuwa, wuri sau ƙarfin tafiya bai yi daidai da ƙarfin tafiya sau wuri ba, bambancin da ke tsakaninsu kuma ya danganta da wata 'yar lamba da Max Planck ya gano a 1900. Lissafin yana ba da amsoshi masu dacewa da gwaji, amma ba wanda ya san abin da wannan bambanci yake nufi.

A 1926 Erwin Schrödinger ya fito da wata hanya dabam, inda ya ɗauki ilektiron a matsayin igiya, kamar igiyar ruwa. Masana da yawa suka rungume ta domin ta fi sauƙin hasashe, abin da bai yi wa Heisenberg daɗi ba ko kaɗan. A watan Oktoba na shekarar abokinsa Wolfgang Pauli ya rubuto masa cewa mutum yana iya duban duniya da idon wuri, ko da idon ƙarfin tafiya, amma in ya buɗe idanun biyu tare zai ruɗe.

Fabrairun 1927

A wannan lokaci Heisenberg yana Kofanhegan, mataimaki ne ga Niels Bohr, yana kwana a wani ɗaki a saman cibiyar binciken. Bohr kan hau ɗakin da dare su yi ta musu har tsakar dare. Da suka gaji da juna, Bohr ya tafi Norwe hutu a watan Fabrairu, Heisenberg ya sami sarari.

Abin da ya dame shi shi ne wata na'ura da C. T. R. Wilson ya ƙera a 1911, akwatin hazo, wadda in ilektiron ya ratsa ta yakan bar sawu kamar farin zare. Ga hanya a fili, alhali lissafinsa ba shi da gurbin hanya. Bisa ga abin da shi da kansa ya ba da labari daga baya, sai ya tuna da maganar da Albert Einstein ya yi masa a Barlin cikin 1926, cewa ra'in da mutum ya riƙe shi ke yanke abin da zai iya gani. Da ya sake duban sawun sai ya lura cewa jerin ɗige-ɗigen ruwa ne, kowane ɗigo kuma ya ninka atam girma sau dubbai. Ashe abin da ake gani shi ne wuri bisa kimanta da gudu bisa kimanta. Sai ya juya tambayar: yaya lissafin zai bari a ƙuntata waɗannan kimantawa biyu tare? Amsar ta fito cewa in an riɓanya su da juna ba za su gaza kimanin lambar Planck ba. A ranar 23 ga Fabrairu ya aika wa Pauli wasiƙa mai shafi 14 ɗauke da bayanin.

Don ya kusantar da abin ga hankali, ya kawo misalin madubin likita na tunani. Ba a ganin abu sai haske ya faɗa masa. Ganin ƙaramin abu yana bukatar haske mai gajeren zango, shi kuwa haske mai gajeren zango ƙwayoyinsa masu ƙarfi ne, in sun bugi ilektiron sai su ture shi, kamar yadda Arthur Compton ya nuna a 1923. Saboda haka wajen neman wurin sai a ɓata gudun. Daga nan ya yi wani babban hukunci. Tun zamanin Laplace ake cewa wanda ya san halin da duniya take ciki yanzu filla-filla zai iya lissafa gobenta. Heisenberg ya ce aibin wannan magana yana cikin sharaɗinta, gama ba za a taɓa sanin yanzun filla-filla ba.

Gyaran Bohr

Da Bohr ya dawo ya karanta makalar, ya yarda da sakamakon amma ya ƙi hujjar. In ture ilektiron ne kaɗai matsalar, ai turewar abar lissafawa ce, sai a lissafa a cire. Ainihin matsalar tana ga gilashin madubin. Domin a ga wuri sosai dole gilashin ya kasance mai faɗi, in kuwa mai faɗi ne ba a san ta wane gefensa ƙwayar haske ta shigo ba, don haka ba a san inda ta tura ilektiron ba. Tambayar Wien ke nan ta 1923 ta dawo. Abin da Bohr yake son a fahimta shi ne, hujjar ba ta tsayuwa sai an ɗauki haske a matsayin igiya da kuma ƙwaya duka biyu, shi kuwa Heisenberg ba ya son ya ba igiyar Schrödinger ko da taƙi ɗaya. Bohr ya nemi a janye makalar daga maɗaba'a. Aka yi makonni ana ja-in-ja, har Heisenberg ya faɗa daga baya cewa wata rana sai da ya fashe da kuka. A ƙarshe makalar ta fita yadda take, da ɗan ƙarin bayani a gindinta inda ya amsa gyaran Bohr ya kuma gode masa.

Lalle Bohr ne ke da gaskiya a nan, abin takaici kuwa shi ne misalin turewar ne ya fi yaɗuwa a littattafan makaranta, domin ya fi sauƙin koyarwa. Misalin da ya fi kusa da gaskiya na sauti ne. Tafi guda yana da lokaci takamaimai, amma ba wanda zai iya cewa ga muryarsa, sama take ko ƙasa. Doguwar busar sarewa tana da murya bayyananna, amma ba ta da lokaci guda da za a nuna a ce a nan take. Wannan ba gazawar kunne ba ce, halin igiya ne. Louis de Broglie ya riga ya nuna a 1924 cewa ƙarfin tafiyar ƙwaya yana ɗaure da zangon igiyarta, saboda haka ƙwayar da aka takure wa wuri tamkar tafi take, ba ta da zango guda.

A cikin 1927 ɗin Earle Kennard, Ba'amurke, ya fitar da ƙa'idar a siffarta ta yau, H. P. Robertson kuma ya faɗaɗa ta a 1929. A siffar Kennard babu zancen turewa sam. A shirya ilektiron dubu iri ɗaya, a auna wurin rabinsu, a auna ƙarfin tafiyar sauran rabin. Ba ƙwayar da aka auna sau biyu, duk da haka warwatsuwar amsoshin farko sau warwatsuwar na biyu ba za ta gaza lambar Planck raba ta da kimanin 12.6 ba. Lambar ƙarama ce ƙwarai. Ƙwayar gero da aka san wurinta zuwa kashi ɗaya cikin dubu na milimita, ragowar gudun da ƙa'idar ta bar mata ba zai matsar da ita kaurin silin gashi ba ko a shekara biliyan 13. Ilektiron da aka tsare a faɗin atam kuwa, warwatsuwar gudunsa ta haura kilomita 500 a daƙiƙa. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba ya faɗawa cikin cibiyar atam ya zauna, atam ya rushe.

Einstein bai gamsu ba. A taron Solvay na Birasels, a 1927 da kuma 1930, ya yi ta kawo misalan na'urorin da yake zaton za su ƙetare iyakar, Bohr yana warware su. A 1935 ya sauya salo, shi da Boris Podolsky da Nathan Rosen: suka ce ƙwayar tana da wuri da ƙarfin tafiya duka biyu, lissafin ne bai cika ba. A ganinsu ke nan rashin tabbas jahilcin ɗan Adam ne.

Sunan ƙa'idar

Wannan saɓani yana nan kwance a cikin kalmomin makalar farko. A gangar jikinta Heisenberg ya fi amfani da kalmar Jamusanci Ungenauigkeit, watau rashin daidaiton awo, wani lokaci kuma Unbestimmtheit, rashin ƙayyaduwa. Kalmar Unsicherheit, rashin tabbas, a ƙarin bayanin nan na ƙarshe ta yi kane-kane. Ta farko tana ɗora laifi a kan na'ura, ta biyu a kan ƙwayar, ta uku a kan mai awo. Sa'ad da aka fassara laccocinsa na Shikago zuwa Ingilishi a 1930, kalmar da ta dace da ta ukun aka ɗauka, ita ce kuma ta bi Ingilishi ta shiga harsuna da yawa. Jamusawa a yau sun fi cewa Unschärfe, wadda ma'anarta ta yi kusa da dishi-dishi. Malamin da ke koyar da kimiyya da Hausa ya kamata ya lura da wannan, gama tabbas a Hausa hali ne na zuciya, ɗalibin da ya ji rashin tabbas zai ɗauka akwai wata amsa a ɓoye da ba a kai gare ta ba tukuna. Rashin ƙayyaduwa ya fi kusa da abin da Kennard ya tabbatar.

Ita ma magana ta farko, ta awo da turewa, ba ta mutu ba. A 2003 Masanao Ozawa na ƙasar Japan ya nuna cewa, bisa ma'anar da ya ba kuskuren awo, ana iya yin awon da turewarsa ta gaza abin da misalin madubin ya nuna, gwaje-gwajen da aka yi a Biyana da Toronto cikin 2012 kuma suka goyi bayansa. A 2013 Paul Busch da Pekka Lahti da Reinhard Werner suka ba kuskuren awo wata ma'ana dabam, suka tabbatar da cewa bisa ita iyakar Heisenberg tana nan daram. Ɓangarorin biyu lissafinsu daidai ne, kuma ba wanda ya taɓa siffar Kennard a cikinsu. Inda suka rabu shi ne abin da ya cancanci a kira kuskure.