Tsibirin Lete da Waɗanda Ba a Kira Ba

Mu mutanen bakin Kwara, daga Dole Kaina zuwa Lolo da Illo, mun daɗe da sanin yadda ake yanke magana a kanmu ba tare da an ji ta bakinmu ba. Ranar 14 ga Yuni, 1898, Ingila da Faransa suka sa hannu a Paris kan yarjejeniyar da ta raba ƙasar Dandi da Bargu. Babu Badande ko Basarke ko ɗaya a zauren. Daga wannan rabo da gyare-gyarensa na 1904 da 1906 muka gaji iyakar da ta ratsa Dole Kaina, gefe Najeriya, gefe Nijar, Benin kuwa tana tsallaken ruwa.

Samun 'yancin kai bai sauya salon ba. Tun 1960 Nijar da Dahome, wato Benin ta yanzu, suke jayayya kan tsibirin Lete da ke sama da Gaya, inda Fulani ke kiwo, manoma ke shuka. A 2001 gwamnatocin biyu suka amince su kai maganar Kotun Duniya da ke Hague, tare da alƙawarin karɓar hukuncinta. Ranar 12 ga Yuli, 2005, alƙalai suka ce iyaka za ta bi wuri mafi zurfi na babbar hanyar jiragen ruwa, har zuwa inda ta haɗu da ta Najeriya, dab da mu. Cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9.

An kauce wa yaƙi, kuma mun gode Allah. Sai dai a dokar wannan kotu, ƙasashe kaɗai ke tsayawa a gabanta. Masunci da makiyayi da mai fito ba su da bakin magana. Abin da aka bar musu shi ne faɗar kotun cewa rabon tsibiran bai taɓa haƙƙin mallakar da mutane suke da shi a kansu ba.

A shari'ar Musulunci, alƙali ba ya amincewa da sulhu kan dukiyar maraya sai da waliyyinsa, kuma sai in sulhun zai amfane shi. A Amurka ma, idan 'yan kaɗan suka yi ƙara a madadin jama'a, ba a kammala sulhu sai an sanar da waɗanda abin ya shafa, alƙali ya saurari masu ja. Irin wannan muke nema: duk ranar da za a sake zama kan iyakar Kwara, a fara kiran masu gona da masu taru.