PSDN-Alheri: ƙaramar jam'iyyar gabashin Nijar da gwagwarmayar tsayar da ƴan takara

PSDN-Alheri na cikin jam'iyyun siyasar da aka kafa a Nijar a shekarar 1992, bayan babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar tsarin jam'iyyu da yawa. An fi saninta a gabashin ƙasar, musamman tsakanin Barebari na jihar Diffa, inda garuruwa irin su Diffa da Gueskérou suke a bakin kogin Komadugu. Ba ta taɓa zama babbar jam'iyya ba. Abin da ya raya ta shekaru da dama shi ne ƙawance da manyan jam'iyyu.

Kafuwa da zaɓukan farko

Shugabanta na farko shi ne Kazelma Omar Taya, daga baya jagoranci ya koma hannun Issaka Labo. A zaɓen ƴan majalisar dokoki na 14 ga Fabrairun 1993, jam'iyyar ta samu kujera 1 daga cikin 83. Makonni biyu bayan haka ta tsayar da Kazelma Omar Taya takarar shugaban ƙasa, inda ya zo na bakwai cikin ƴan takara takwas da ƙasa da kashi 2 cikin 100 na ƙuri'u.

Duk da haka kujerar nan ɗaya ta yi amfani. PSDN ta shiga ƙawancen AFC tare da CDS-Rahama da PNDS-Tarayya da ANDP-Zaman Lahiya, ƙawancen da ya haɗa kujeru 50, ya kuma kai Mahamane Ousmane ga kujerar shugaban ƙasa. A zaɓen 12 ga Janairun 1995 ta samu kujeru 2, amma ɓangaren shugaba Ousmane da take ciki ya tsaya a kujeru 40, ƴan adawa suka samu 43.

Babbar matsalarta a gida

Diffa na cikin jihohin da suka fi ƙarancin jama'a, don haka kujerunta a majalisa ba su yi yawa ba. Bayan haka, Tandja Mamadou na MNSD-Nassara ɗan Maïné-Soroa ne, abin da ya sa jam'iyyarsa ta yi ƙarfi a yankin da PSDN ke ɗauka a matsayin gida. A zaɓen 1999 jam'iyyu biyar kaɗai suka shiga majalisa, kuma babu PSDN a cikinsu. Ta dawo a watan Disamban 2004 da kujera 1 cikin 113, a ɓangaren masu goyon bayan shugaba Tandja. A 2016 ta haɗa jerin ƴan takara da MNRD-Hankuri, jam'iyyar da ta tsayar da Mahamane Ousmane, suka samu kujeru 6 cikin 171.

Sharuɗɗan tsayar da ƴan takara

Kafin juyin mulkin 2023, dokar Nijar ba ta yarda da jam'iyyar jiha ɗaya ba. Kundin tsarin mulki na 2010 ya haramta jam'iyyar da aka gina kan ƙabila ko yanki ko addini, saboda haka ko da ƙarfin jam'iyya a yanki ɗaya yake, dole ta nuna cewa ta ƙasa ce baki ɗaya.

A wancan lokacin, a zaɓen majalisar dokoki, kowace jiha mazaɓa ɗaya ce, ana kuma raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu. A lokacin, dole ne jam'iyya ta gabatar da cikakken jerin sunaye, kowane ɗan takara da mataimakinsa. Tsarin mulkin 2010 ya ƙara sharaɗin cewa aƙalla kashi 75 cikin 100 na ƴan takarar kowane jeri su kasance masu takardar BEPC ko makamanciyarta. Wannan sharaɗi ya sa an yi watsi da jerin sunayen jam'iyyu da dama a zaɓen 2011, har da na manya. Akwai kuma dokar kason mata ta shekarar 2000, wadda ta fara da kashi 10, aka ɗaga ta zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Takarar shugaban ƙasa kuwa, kuɗin ajiya ya kai miliyan 25 na CFA a zaɓen 2020. Ga ƙaramar jam'iyya a yankin da ilimin boko bai yaɗu sosai ba, cika jeri da masu takardu da mata babban aiki ne, shi ya sa haɗa jeri da wata jam'iyya ya fi sauƙi.

Gueskérou da matsalar tsaro

Kafin 2023, ƙananan jam'iyyu sun fi samun dama a zaɓen kansiloli, inda sanin mutum da danginsa ke tasiri fiye da sunan jam'iyya. Gueskérou, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Diffa, ta zaɓi kansilolinta na farko a watan Yulin 2004 kamar sauran ƙananan hukumomin ƙasar.

Hare-haren Boko Haram da suka fara a jihar a Fabrairun 2015 sun sauya komai. An kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babura, aka kuma taƙaita cinikin tattasai, wanda shi ne babbar hanyar samun kuɗi a kwarin Komadugu. Mutanen ƙauyukan bakin kogi da yawa sun koma zama a gefen hanyar ƙasa mai lamba 1. Yaƙin neman zaɓe ya yi wuya ga jam'iyyar da ba ta da motoci, ƴan takara kuma suka riƙa bin masu zaɓe zuwa wuraren da suka yi gudun hijira. A daren jajibirin zaɓen ƙananan hukumomi na 13 ga Disamban 2020, an kai hari garin Toumour da ke gundumar Bosso, aka kashe mutane fiye da 20.

Halin da ake ciki

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, majalisar soja ta CNSP ta dakatar da ayyukan jam'iyyu. A Afrilun 2024 an rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. Ranar 26 ga Maris 2025, Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan dokar da ta rusa dukkan jam'iyyun siyasar ƙasar, manya da ƙanana.