Fata, Zare da Basilla: Daga Gafakar Malamai Zuwa Littafin Adashenmu

  

Kowace ƙungiyar mata tana da shaida ɗaya wanda ba ya mantuwa, ba ya son kai. Wannan shaida shi ne littafi. A cikinsa ake rubuta wadda ta zuba adashe, da wadda ta kwasa, da wadda ta karɓi rance da ranar biya. Littafin kanti kuwa kun san halinsa. Bangonsa kwali ne marar ƙwari, 'yar waya biyu ce ke riƙe da shi, damina ɗaya sai wayar ta yi tsatsa, takardu su fara zubewa. Shi ya sa ake ta maganar mu ɗinka namu da hannu, mai bangon fata. To kafin mu shiga kasuwa neman kaya, ya kamata mu san inda kowane ɗaya ya fito tun asali.

Sa wa littafi rigar fata ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. Tun shekarun 1600, zamanin Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina, birnin Katsina gari ne na malamai da littattafai, ga hasumiyar Gobarau nan tsaye tana ba da shaida. Sai dai littafin wancan lokaci ba a ɗinke shi. Takardu ne warwara, a jera su ɗaya bisa ɗaya, a sa su cikin bango na fata da ake kira tadarishi, a naɗe da igiyar fata, sannan a zura cikin gafaka mai maratayi. Malami yana iya zare shafi biyu ya ba almajiri ya je ya kwafa. Don kada su rikice, a ƙasan shafi akan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba. Mu namu za mu ɗinke shi ne, domin littafin kuɗi ba a son shafinsa ya yi yawo.

Cikin kayan nan duka, takarda ce baƙuwa. Daga Italiya take fitowa, ta ƙetare teku zuwa Tarabulus, raƙuma su ɗauko ta cikin hamada su biyo ta Agadas har Katsina da Kano. Idan aka ɗaga ta a rana ana ganin alamar jinjirin wata guda uku a jikinta. Wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya zo Katsina da Kano a 1851, ya rubuta cewa ya ga irin wannan takarda a kasuwar Kano. Ya kuma ga yadda ake fitar da takalma da jemammiyar fata daga Kano zuwa nesa. Kun ga ke nan ayari yana kawo takarda, yana komawa da fata.

Fatar kuwa tamu ce, ta jar akuya, wadda ake kiwo daga Sakkwato zuwa Katsina har Maraɗi. Fatarta tana da laushi, tana da ƙarfi, tana karɓar rini. Fatake suna kai ta Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, sai Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, suna yi wa manyan littattafansu bango da ita. Riga tamu, suna na wani. Kuma ku tambayi kanku, a ƙauye wa ke da akuya? Mace ce. Ita ke ba ta dusa da harawa, ita ke ɗaure ta da damina. Ashe hannun mata yana cikin wannan fatauci tun daga tushe, ko da ba a rubuta sunanmu ba.

Daga hannun mahauci fata sai ta tafi wurin majemi. Zai jiƙa ta cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare, ya wanke. Sannan ya daka 'ya'yan bagaruwa ya tsoma ta ciki, bagaruwar ce ke hana ta ruɓewa. Ya shafe ta da mai, ya murza har ta yi laushi. Ja daga karan dafi ake samunsa, wata irin dawa da ake shukawa don rini kawai. Baƙi kuma daga kuloko, wanda ake haɗawa da ƙarfe. Bayan haka sai baduku ya karɓa ya yanka, ya ɗinka. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da aka sayo daga ƙetare.

A 1911 abubuwa biyu suka faru: jirgin ƙasa ya iso Kano, Italiya kuma ta kai wa Tarabulus yaƙi ta kama ta. Daga nan hanyar raƙuma ta yi sanyi, fata ta juya kudu zuwa Ikko, kamfanonin Turawa suna saye ɗanya a busashe suna zubawa a jirgin ruwa. Daga baya aka kafa manyan masana'antun jima a Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano. Mai kyau ta tafi waje, majemin gari ya rage da abin da ya samu.

Zare kuwa ba sai an gaya mana ba, aikin kakanninmu ne. A tsince auduga, a gurje a fitar da angurya, a shiɓe, sannan a zauna da mazari da alli ana kaɗi ana hira. Mai kauri shi ne abawa, siririn kuma na saƙar riga. Da kuɗin kaɗi mace ke sayen akuya, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki. Da aka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, auduga ta koma ta sayarwa a buhu. Aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, zaren inji ya cika kasuwa, mazari ya shiga ƙarƙashin gado. Yau ma yawancin masaƙun sun rufe, zaren roba na ƙasar Sin muke gani a tire. Wallahi yarinya 'yar shekara 15 yanzu, in kin miƙa mata mazari, ba ta san ta ina za ta kama ba.

Kayan aiki ba su da yawa: aska mai kaifi ta yankan fata, basilla ta huji, allura, almakashi, da dutse mai santsi na goge fata. Aska da basilla maƙerin gari ke ƙera su tun da can. Ƙananan allurai kuwa a da ayari ne ke kawowa daga Turai. Abin liƙi kuma ƙaro ne ko kokon sitaci, sai kakin zuma da ake goga wa zare don kada ya tsinke.

To yau ina za mu samu? Jemammiyar fata tana wurin dukawa a birnin Katsina. Mai son da yawa sai Kano, Kasuwar Ƙofar Wambai da Majema, ko Kasuwar Kurmi wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Amma a yi hattara, akwai roba mai kamar fata. Ki juya bayanta, in kin ga yadi a liƙe, roba ce. Ta gaske bayanta kaushi-kaushi ne, kuma tana ƙanshin bagaruwa. Ki ɗaga ta a rana ki duba huji da yankan wuƙa. Ta akuya ta fi ta tunkiya ƙarko. Zare a nemi na auduga mai kauri, a murɗa biyu, a goga kaki. A ninka takarda biyar-biyar, a huda da basilla a kan ninkin, a ɗinke da bangon. Sannan a sa wa kowane shafi lamba tun kafin a fara rubutu.

Tsadar fata tana da dalili. Masana'antu suna kwasar ta awaki, masu ganda suna kwasar ta shanu. Ga kuma abin da ya fi ci mana rai, rashin zaman lafiya a gefen dajin Rugu. Mata nawa aka kore wa awaki a Batsari da Safana? A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin jiha ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da namu, a Satumba kuma aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13. Wata da watanni waya ba ta kira, ba ta tura kuɗi. Abin da aka rubuta a takarda shi ya tsaya. Kuma ranar da aka kwana a daji ko aka yi gudun hijira, littafi mai bangon fata ana cusa shi cikin zane a ruga da shi, ruwa ya taɓa shi bai lalace ba. Haƙƙin marayu da zawarawa yana cikinsa.

Don haka ga shawarata. Fatun layya da na suna, kada mu bari su ruɓe a bayan gida. A roƙi mai fiɗa ya bi a hankali, a zuba gishiri, a shanya a inuwa, mu tara mu kai wa majemi. Basilla da aska mu ba maƙerinmu na nan Babban Duhu aikin, kuɗin ya tsaya a gida. Iyayenmu tsofaffi da suka iya kaɗi, mu zaunar da 'yan mata gabansu tun suna da rai. Mu kuma da muka shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura ta fara fito mana, mu riƙe alƙalami da kanmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, saboda haka karatun mace ba yau aka fara ba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya maido da waɗanda suka bar gidajensu, ya sa albarka a adashenmu da kiwonmu. Amin summa amin.