Damuwar zuci a aikin jinya

Wannan shi ne halin da ma'aikaciyar jinya ke shiga idan ta san abin da ya dace a yi wa majiyyaci, amma babu halin yi. Ba'amurke Andrew Jameton ne ya bayyana shi a 1984.

Ɗauki misalin Birnin Gwari a shekarun da hare-hare suka tsananta: mai naƙuda na zubar da jini da tsakar dare, babu jini a ajiye, hanyar Kaduna ba ta biyuwa. A ƙarshen 2021 har layukan waya aka rufe.

Idan ka ga nas ta ɗaure fuska, ba lallai rashin tausayi ba ne. Tambaye ta abin da babu. Idan jini ne, 'yan uwa na iya bayarwa tun kafin ranar haihuwa.